Waliyyin Da Jaki Ya Fi Girma

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ciwon gwiwa, yaya Inna? Ni lafiya lau, sai farar ƙasa da ta cinye mini yatsu.

Na gama zanen bangon cocin masaƙa. Ban shafa ruwan zinariya a baya ba kamar yadda ka koya mini. Na kafa ƙusa na ja zaruruwa, irin na masu zanen birnin Firenze, don abin da ke kusa ya girma, na nesa ya ƙanƙance. Maryamu da jaririnta suna gaba a kan jaki, Waliyyi Biyajo majiɓincin garin nan yana can nesa a kan hanya. Na san za ka ce babba a wurin Allah shi ne babba a bango. Ka yi haƙuri, ido bai san wannan doka ba.

Ɗanka,
Bindo

Baba,

Bayan gaisuwa, magana ta tashi. Nardo shugaban masaƙa ya auna waliyyin da tafin hannunsa, ya ce, "Kai, shekara ɗari muna kunna masa kyandir, ka mai da shi bai kai kunnen jaki ba?" Na yi bayani har bakina ya bushe. Ka san launin da ɗanyen yaɓe ya sha ba ya goguwa, sai dai guduma. In aka fasa bangon nan, ba mai sake ba ni ko bangon turke.

Sun aika garinmu Siyena a kira tsohon gwani ya fasa, ya zana musu ƙato. Fada, limamin cocin, ya gaya mini sunansa. Kai ne.

Ka zo. Ban ji tsoro ba, ko da yake raina ya sosu. Roƙona ɗaya: ka tsaya a bakin ƙofa ka duba tukuna. In wada ka gani, ni zan miƙa maka gudumar.

Bindo

Inna,

Ina gaishe ki, Allah ya ƙara lafiya. Baba ya iso, ki kwantar da hankalinki.

Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa dogare da sandarsa, masaƙa sun cika bayansa. Ya matsa, ya ja baya, ya sake matsawa. Sannan ya ce, "Nardo, waliyyinku ba ƙarami ba ne, tahowa yake. In kun gaji da jira ku je ku tarye shi." Aka kwashe da dariya, har Nardon. Ba a taɓa bangon ba.

Ni kuwa sai da muka zauna cin wake da burodi ya juyo kaina. Ya ce ƙafar jakin ta baya a karkace take, kuma da gaskiyarsa. Da ya gama ya share bakinsa, ya ce in nuna masa inda ake kafa ƙusar.

Naki,
Bindo