Baitin da Rikoda Ta Cinye

Kakarka ta yi magana, Zainu. Jiya Talata da hantsi, a gindin darbejiyar tsakar gida, Kubura ta buɗe baki ta yi magana, bayan wata goma sha ɗaya da ciwon nan ya shanye mata ɓarin jiki ya ɗaure mata harshe. Da kunnena na ji, mahaifiyarka Rahamatu ma ta ji, har ta saki ƙwaryar da ke hannunta.

Dubi yadda na faɗo maka ko sallama babu, kamar akuyar da ta tarar da ƙofa a buɗe. Da malaminmu na ajin yaƙi da jahilci yana raye, da ya sa na sake takarda. To, assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga jikana, abokin takarata, Zainul Abidin, a Fatakwal. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka. Allah ya tsare ku daga sharrin ruwa da na hanya, ya sa albarka a aikin waldar da kake yi, ya kare maka idanunka daga wannan wuta. Mu nan Dudunni lafiya lau. Damina ta yi kyau, gero ya fid da kai, wake ya fara fure, babanka Lawal kullum yana gonar fadama. Na so in kira ka a waya tun jiya, amma sau biyu ina ɗauka ina ajiyewa. Sai na ce, ban shiga aji ina da furfura don in riƙa sa hannu a takardar taki kaɗai ba. Wannan labari na takarda ne, wanda za ka iya ninkewa ka sa a aljihu.

Akwai kuma laifin da zan amsa a gabanka. Rikodar nan sabuwa da ka aiko mani, ba ta hannuna. Na yi musaya da ita. Kada ka ɓata rai sai ka ji yadda aka yi.

Ka tuna lokacin da ka zo da sallah na nuna maka kaset ɗin nan da ke naɗe cikin tsohon ɗankwali a ƙasan akwatina. Na gaya maka muryar kakarka ce, amma ban ba ka labarinsa duka ba. Shekarar da aka canza kuɗi, ina Agege ina dakon goro, babanka yana goye. A lokacin ni ban san baƙi ba, ita ma ba ta sani ba, kuma ba ma son ɗan wani ya karanta mana sirrinmu. Sai ta ari rikodar maƙwabta, ta shiga ɗaki ta rufe, ta yi mani magana, aka ba direba ya kai mani. Wannan kaɗai ya rage cikin duk waɗanda ta aiko. Da ka ji na ce rikodata ta mutu tun da daɗewa, shi ne ka yi wannan ƙoƙari, Allah ya saka maka.

Rikodar taka kyakkyawa ce, ba zan ɓoye ba. Ga ta ƙarama kamar sabulu, ba ta son batir, sai a yi mata caji kamar waya, har da ramin sa memori. Ranar da ta iso na yi wanka na sa farar riga, aka fito da Kubura inuwa, na saka kaset na danna. Abin da ya fito, Zainu, ba matata ba ce. Wata 'yar murya ce siririya, tana sauri kamar kanari a keji, ko yarinyar da aka aika tana tsoron ta manta saƙo. Rahamatu ta kasa riƙe dariya. Kubura kuwa ta dube ni, ta dubi rikodar, sannan ta juya fuskarta bango. Na kashe. Daga ranar ta ƙara rage cin abinci, wanda dama cokali uku ne. Sai a kai mata koko bakinta ta datse haƙora. Kwana shida muna haka, ina ganin wuyan hannunta yana ƙara sirancewa, ina cewa a raina ni na jawo, na nuna mata ko muryar da ta bari a baya ma ta gudu.

Ranar kasuwa na hau mota zuwa Kankia, wurin Lanre mai gyaran rediyo. Ba lallai ka tuna shi ba, Bayarabe ne, ya fi shekara talatin a garin, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Shagonsa yanzu wayoyi ne suka cika shi, amma can sama a kan katako akwai tsofaffin rikodoji da masu su suka bari ba su dawo ba. Na ce mashi rikodar jikana ta lalace. Ya gwada ta da wani kaset na wa'azi, ya ce lafiyarta ƙalau, ta ma fi ni lafiya. Ya saurari nawa kaɗan, ya yi murmushi, ya ce wadda ta ɗauki wannan magana da mataccen batir ta ɗauka. Ya yi mani bayani cewa idan batir ya gaji, zaren kaset a hankali yake tafiya, to in aka zo aka saka shi a inji mai ƙarfi, sai ya ja shi da gudu, murya ta tsuke.

Yana faɗin haka na ji kamar an ɗage mani labule. Na ga kaina a Agege, zaune a kan buhun goro da la'asar, ganyen da ake naɗe goron yana wari mai sanyi, rikoda a cinyata. Ashe na san wannan abu, shekaru ne suka binne shi. Kakarka ba ta taɓa sayen sabon batir ba. Tsofaffi take tsinta, ta shanya su a rana kan danga, ta ɗan daddake su da dutse, su farfaɗo na rabin sa'a. Ni ma a can, in na sa sabon batir sai abokan aiki su yi ta dariya, suna cewa na auri tsuntsuwa. Sai na gano dabara. In na sayi batir, kwana biyu nake jin labaran duniya da shi, sai ya gaji, sannan in saka Kubura. A nan take fitowa sak, da muryarta mai ɗan kauri, kamar tana bayan ƙyaure. Sabon batir na labarai ne, gajiyayye na Kubura.

Na tambayi Lanre ko taka za ta iya gajiya haka. Ya ce a'a, irin na yanzu ba su san gajiya ba, gudu ɗaya suke yi har cajin ya ƙare su mutu tsaye. Ya sauko da wata tsohuwa, mai launin toka, murfinta ya tsage, an ɗaure hannunta da waya. Ya ce wannan tana gajiya kamar mutum, in ya canza mata robar da ke juya zare za ta tashi. Amma ya ce in saurare shi da kyau, Baba Dudunni, haka yake kirana. Ya ce tsohuwar tana cin zare, kuma zaren kaset ɗina ya bushe kamar ganyen rama, bai fi tafiya ɗaya ko biyu ya rage mashi ba. Sabuwa ba za ta ci ba, sai dai ba za ta ba ni muryar ba. Ya ce in na yi haƙuri zai aika da kaset ɗin Kano a kwafe shi a kwamfuta a gyara saurin, cikin mako uku ko wata.

Na daɗe a bencinsa, rikoda biyu a gabana, hayaniyar kasuwa tana zuwa tana komawa kamar ruwa a kan kwano. In na riƙe taka, kaset zai rayu, ku da 'ya'yanku ku gaji muryar tsuntsuwa. In na ɗauki tsohuwa, wataƙila in ji matata sau ɗaya, wataƙila kuma in rasa komai kafin ta kai ga sallama. Kano kuwa, na tuna wuyan hannun nan, na san ba ni da wata guda da zan ba kowa. An ce da tsohuwar zuma ake magani. Na tura mashi sabuwar, na jawo tsohuwar. Ya ƙi, ya ce wannan zalunci ne, zai ba ni kyauta. Na ce to ya ajiye taka amana. Don haka tana nan a shagonsa, in ka zo ku daidaita.

Na sayi batir huɗu na dawo gida. Kwana biyu ina jin labarai da su tun safe, har babanka ya tambaye ni ko zan tsaya takara ne. Ina gwadawa da kaset ɗin wa'azin da Lanre ya ara mani. Da na ji muryar malamin ta fara nauyi kamar ta bajimin sa, na ce lokaci ya yi.

Jiya da hantsi aka fito da ita gindin darbejiya. Na zauna a gefenta na hagu, wanda yake ji. Na yi bisimilla na danna. Da farko shuuu kawai, kamar iska a cikin kara. Sai zakara ya yi cara, zakaran da muka cinye tun ba a haifi mahaifiyarka ba. Sai na ji tarin innata daga nesa, Allah ya jiƙanta, da sautin turmi a gidan maƙwabta. Sannan ta yi sallama. Ita ce, Zainu, ba ragi ba ƙari. Tana gaya mani gero ya yi kyau, akuya ta haifi biyu, yaron nan ya fara haƙori, don ka san ba ta faɗin sunan babanka, ɗan fari ne. Ina zaune ina kallon darbejiyar nan da ta rufe rabin gida, amma a idona 'yar ƙarama ce da muka kewaye da ƙaya saboda awaki. Katangar bulo ta koma danga. Na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta wata damina da ta wuce shekara arba'in. Ban san ina Agege ina kewar Dudunni ba, ko ina Dudunni ina kewar Agege. Na saci kallon Kubura, na ga ba ta juya bango ba. Idonta na kan tagar rikodar, inda zaren ke juyawa.

Can babanka ya fara kuka a cikin kaset, sai ta shiga yi mashi waƙar da ta ƙago da kanta a shekarar, wadda rabinta rarrashi ne rabinta saƙo gare ni:

Gero ya yi kai a Dudunni,
Mai tafiya bai gani ba,
Tsuntsu, in ka je ka faɗa mai,

Nan rikodar ta yi wani gurnani, murya ta narke, ta tsaya. Ta ci zaren. Na ga shi ta taga yana cukurkuɗewa, na kasa ko miƙa hannu. Gidan ya yi tsit. Na ce a raina shi ke nan, Ashiru, ka kashe ta sau biyu. A cikin wannan shiru ne na ji an ƙarasa baitin, a hankali, da murya mai kaushi kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba:

Furarsa na nan a inuwa.

Na dubi rikoda, a tsaye take. Na dubi Kubura, leɓenta na motsi. Ta sake maimaitawa, daidai da karin waƙar. A nan ne ƙwarya ta faɗi daga hannun Rahamatu. Ni dai ban san me na yi ba, an ce na yi ta faɗin alhamdulillahi ina shafa rikodar kamar kan jariri. Da Rahamatu ta durƙusa ta tambaye ta ko a dama mata furar, ta ɗaga kai ta ce fura. Ta sha rabin kofi. Yau da safe ta shanye kofi guda, kuma da na zo zan gyara mata matashi ta ce mani bari, da irin kallon da take yi mani tun muna yara.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ta warke ba. Ban da waƙar, kalmominta ba su fi biyar ba, hannun ma yana nan yadda ka bar shi. Ma'aikaciyar lafiya da ta zo daga Kusada ta ce an sha ganin haka, wai waƙa da magana ba ƙofa ɗaya suke fita ba, in ɗaya ta toshe a kan samu ɗayar a buɗe. Ta ce mu yi ta yi mata waƙa. Ka ga tsufa ya mai da ni zabiya.

Kaset ɗin kuwa, mahaifiyarka ta zare shi da tsinke, ta yanke inda ya tauno, ta liƙe da jan farce, na naɗe shi da biro. Yana yi. Amma wurin da aka yanke, daidai baitin ƙarshe ne. Ya tafi, babu shi a kowane inji a duniya. Yanzu in na danna, rikoda ta kawo baiti uku sai ta yi tsalle, ni kuma in yi maza in kashe, Kubura ta kawo na huɗu. Yau sau biyu muka yi, ba ta kuskure ba. Rahamatu ta ce in daina wahal da zaren, don ko ni na ja ukun da wannan murya tawa ta kwaɗo, Kubura tana amsawa.

Ka gaida mani matarka Sumayya, ka ce na ga zanen da ta aiko wa kakarku, shi ne ma a jikinta jiya. Ka gaida ƙaninka Mubarak, ka ce ya riƙa kiran uwarsa. Ka gaida abokin aikinka Lucas da ya raka ka neman rikodar, ka ba shi haƙuri, wahalarsa ba ta faɗi ƙasa ba, don ba don sabuwar ba da ban je ga tsohuwar ba. Babanka da mahaifiyarka suna gaishe ku.

Kada ka ce in ɗauko maka a waya. Ba zan yi ba, ita ma ba ta son a sa mata waya a baki. Gani ya kori ji. Kullum kana cewa Kubura matarka ce, ni aro aka ba ni, to ga ta nan ta fara magana, kuma ni ta fara yi wa. Ku taho, kai da Sumayya da Mubarak, har Lucas in zai iya zaman mota. Ku zo kafin a yanke gero, yana tsaye da kansa yadda waƙar ta faɗa. Na gaya wa mutanen garin Boko da 'yan'uwanmu na Kunduru, Lanre ma ya ce zai rufe shago ya zo ranar Asabar ɗin da za ku iso. Tabarma tana nan, inuwa tana nan. In za ku riƙo tsaraba, ku riƙo batir, amma ku fara jin labarai da shi a hanya.

Ni ne kakanka mai farin ciki,
Ashiru na Kubura, Dudunni.