Rufin Gidan Romi

Kakuri, Kaduna
Fabrairu, 2024

Zuwa ga 'yar'uwata Maman Jamila,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙarin haƙuri? Ya Yaya Umar da iyalinsa? Tun da kika bar Makera kika koma wurinsa bayan rasuwar Jamila wayarki a kashe take, shi ya sa na roƙi Dalhatu direban Funtua ya ba ki wannan hannu da hannu. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san Hausata ta kasuwar Kakuri ce.

Shagonki yana nan a rufe kusa da nawa. In na share ƙofata da safe ina haɗawa da taki.

Kin tuna yawon da muka sha bara a keke napep da 'ya'yanmu, lokacin da maganin tarin nan ya fi ƙarfinsu? Jamilarki ta jingina da Kamsina, dukansu ba su san inda suke ba. Wurin jinya na farko suka ce maza kawai suke karɓa. Na biyu muka ga mari a ƙafar wata yarinya, kika ja hannuna muka fito ko sallama babu.

To, Sista Damaris, tsohuwar nas ɗin da take zuwa sa musu ƙarin ruwa, ta samu gida a Romi. Wani dattijo ne a cocinsu ya bayar kyauta. Bango kawai ne a tsaye, ba rufi, ba ƙofa. Tana so ya zama wurin da mata zalla za su zauna su warke a hannun likita, Musulma da Kirista, ba duka, ba mari.

Za mu yi taron neman gudummawa bayan Ista da ƙaramar Sallah. Sista ta ce mutane ba sa ba bulo kuɗi, sai sun ji muryar uwa. Ni zan yi magana, amma tawa tana raye, za a ce kaina nake nema wa. Ki zo ki tsaya kusa da ni, don Allah.

Taki har kullum,
Nneka, Maman Kamsi

*

Funtua
Maris, 2024

Maman Kamsi,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Takardarki ta iso. Na gode da sharar ƙofa, Allah ya saka.

Ba zan zo ba.

A nan duk wanda ya zo mini gaisuwa, zazzaɓi ya sani. Haka Yaya ya faɗa wa dangi, ni kuma ban gyara masa ba. Yarinya ta tafi inda ba ta iya kāre kanta, kina so in hau mumbari in kware mata baya a gaban mutanen da ba su ma san kamanninta ba? Su ce Allah sarki, su jefa canji a kwano, su koma gida su yi hira da sunanta? Abin da Allah ya rufe ba ni zan tone ba.

Kuma tun da kin taɓo, bari in faɗi abin da yake cina. Jamila ba ta san hanyar kemis ba sai da suka buɗe shagon kitso da lalle da Kamsi. Kafin nan yarinya ce da ko lemo mai sanyi ba ta sha saboda haƙori. Ban ce ke ce ba. Amma ke kina da wadda za ki kai Romi. Ni wa zan kai?

Allah ya taimake ku a kan aikinku. Kada ki ƙara wahalar da Dalhatu.

Wassalam,
Hauwa

*

Kakuri
Mayu, 2024

Maman Jamila,

Ina gaishe ki, ina gaida gida. Kin ce kada in sake rubutowa. Na ji, amma ban iya ba.

Takardarki ta yi mini zafi. Na je na samu Kamsi a ɗaki na ce, "Faɗa mini gaskiya, wa ya fara kawo kwalbar nan?" Ta ce, "Mama, a gidan biki ne, muna yi wa amarya kwalliya. Ƙawar amarya ta miƙo ta ce zai kashe mana gajiya. Ni na karɓa ko Jami ce, wallahi ban tuna ba. Kullum ina so in tuna." Abin da na samu ke nan, na kawo miki shi yadda yake.

An yi taron. Mun yi hayar rumfa da kujeru, fiye da rabi ba a zauna a kansu ba. Babban baƙon da ya yi alkawari ya aiko da wakili, wakilin ya ci abinci ya tafi. Na tashi zan yi magana, da na kai kan sunan 'yata sai muryata ta ƙi, Sista ta karɓi lasifika.

Abin mamakin sai bayan taro ya fara. Mata suna zuwa shagona kamar masu sayen busasshen kifi, su tura mini kuɗi a ƙulle cikin leda, su ce kada a faɗi sunansu. Wata mai niƙabi ta tuɓe 'yan kunnenta ta ajiye a kan tebur, ta ce, "In an gama, akwai ƙanwata." Ban san muna da yawa haka ba.

Mun sa ƙofofi da tagogi. Rufi ne ya gagara, ga damina ta kama, ruwa yana kwana a ɗakunan. Maƙwabta kuma sun kai ƙara wurin mai unguwa, wai ba sa son 'yan ƙwaya kusa da 'ya'yansu. Sista ta ce a sake taro a watan Agusta.

Kamsi ta daina kitso. Hannunta rawa yake yi.

Taki,
Nneka

*

Funtua
Yuni, 2024

Maman Kamsi,

Assalamu alaikum, ko in ce barka da war haka. Ya damina? Ki yafe mini zafin takardata ta baya. Wanda ya ƙone ba ya zaɓen inda zai dafa.

Akwai abin da ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Matar ɗan Yaya Umar tana nan gidan, da goyo. Yarinya mai kunya, mai ladabi. Ranar Juma'a da hantsi na shiga ɗakinta aron turmi, na tarar jaririn yana ta tsala kuka, ita kuwa tana zaune a gefensa, ido rabi a rufe, kwalbar lemo a cinyarta. Na ɗauka na shinshina. Maman Kamsi, ko a kabari aka kawo mini wannan wari zan gane shi.

Ta kama ƙafata tana cewa, "Gwaggo, ki rufa mini asiri. Tun haihuwa ba na barci, shi ne kawai yake kwantar da ni."

Na je na samu Yaya. Ya ce iska ce, za a yi mata ruƙiyya, kuma kada in kawo masa maganar Kaduna cikin gidansa. Kalmomin da aka yi ta faɗa mini a kan Jamila ke nan, har aka ɗauke ta a makara.

Na rungumi jaririn nan ina jijjiga shi, ina kallon uwarsa tana gyangyaɗi, sai na ga kamar an dawo da ni bara.

Gidan naku, zai karɓi matar aure? Mai shayarwa fa? Ki tambayar mini Sista. Ba don na canza ra'ayi a kan taro ba, tambaya kawai nake yi.

Ki gaishe mini da Kamsi. Ki ce mata ta daina ƙoƙarin tunawa.

Wassalam,
Hauwa

*

Kakuri
Yuli, 2024

Maman Jamila,

Ina gaisuwa. A bencin asibiti nake rubuta wannan, ki yi haƙuri da karkacewar layi.

Sista ta ce e, za a karɓe ta har da jaririn, in an yi rufi.

Na isar da saƙonki ga Kamsi. Ta yi kuka sosai, ta ce in kai ta Romi ta ga wurin. Muka je, ta shiga ɗakin da yake kallon bishiyar mangwaro, ruwa har idon sawunta, ta ce, "Mama, wannan ne nawa. Zan jira." Ta yi ƙoƙari, Allah shaida, ta daina da kanta. Amma jiki ya ƙi, amai da zafi da ihu, ni kuma ba likita ba ce. Ranar Litinin na dawo daga kasuwa na same ta a ƙasa, ta koma wa maganin tarin, ta haɗa da wasu ƙwayoyi.

Ba ta farka ba har yanzu. Likita ba ya kallon idona in yana magana.

Ba taro nake roƙonki ba yanzu. Ke kaɗai ce kika san wannan bencin. Ki gaya mini yadda kika yi kika zauna a kansa.

Nneka

*

Funtua
Yuli, 2024

'Yar'uwata,

Ban san yadda na yi ba. Ke ce kika riƙe ni.

Zan biyo motar Dalhatu gobe da safe, daga tasha asibiti zan wuce. Kada ki dafa komai, zan zo da abinci.

Ki ce wa Sista ta sa sunana cikin masu magana a Agusta. Ban yi alkawarin muryata za ta fita ba.

Ki ci gaba da yi mata magana a kunne, suna ji. Allah ya tashi kafaɗarta.

Hauwa