Kwana Huɗun da Ɗana Nasiru Ya Yi a Sitonku

Zuwa ga Alhaji, Shugaban kamfanin sayen wake da riɗi mai sito a kan hanyar Gumel zuwa Maigatari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, sunana Malam Isiyaku, tsohon malamin firamare daga Ɗanzomo ta ƙaramar hukumar Sule Tankarkar. Ni ne mahaifin Nasiru, wanda kuka ɗauka aikin mataimakin mai kula da sito ranar wata Litinin, muka yi masa sutura ranar Asabar ɗin makon. Ban ambaci sunanka ko na kamfaninka ba, domin ba tozarta ka na zo yi ba. Sau biyu ina zuwa ofishinku ana ce mini kana Kano. Shi ya sa na rubuta a fili, don ka gani, sauran masu ɗaukar 'ya'yan mutane aiki su ma su gani.

Na yarda da ƙaddara. Na san kwanan Nasiru ne ya ƙare. Amma akwai abin da na gano bayan rasuwarsa, wanda in na yi shiru a kansa, ina tsoron Allah Ya tambaye ni.

1. Wane ne kuka ɗauka

Nasiru shi ne ɗana na biyu. Shekara biyar ya yi da kammala difloma yana neman aiki, da damina yana taya ni noman gero, da rani yana gyaran waya a bakin tasha. Mutum ne mai kunya ƙwarai. In aka ce masa yi kaza, zai yi, ba zai so ya tambaya sau biyu ba don kada a ce bai iya ba. Ranar da takardarku ta iso, mahaifiyarsa ta sa aka yanka zakara. Ni kuwa nasihar da na yi masa ita ce, "Ka yi biyayya, kada ka cika tambaya kamar mai gardama." Wannan magana tawa tana cikin abin da ke cin raina har yau.

2. Yadda kuka karɓe shi

Bayan sadakar uku na zauna da Malam Ila, babban mai kula da sitonku, wanda ya fi shekara goma tare da ku. Yana kuka ya ba ni labari. Ranar Litinin da Nasiru ya zo, manaja ya gaisa da shi a tsaye, ya miƙa masa tarin mukullai, ya ce, "Ga Malam Ila nan, zai nuna maka komai." Kafin Malam Ila ya buɗe baki, motar riɗi ta shigo, aka kira shi wajen sikeli. Talata aka aiki Malam Ila Gagarawa karɓo kaya. Laraba ma haka. A kwana ukun nan babu wanda ya zagaya da ɗana ya ce masa wannan ɗaki na kaza ne, wancan ba a shigarsa. Masu dako ne suka nuna masa inda ake alwala da inda ake sayen abinci. Abin da ya koya a kamfaninku ke nan.

3. Jan tsumma

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa kuna turara wake da ƙwayar maganin ƙwari, ku lulluɓe shi da tamfol, ku rufe ɗakin kwanaki, domin iskar da ke fita daga maganin tana kisa. Alamar da kuke sa wa irin wannan ɗaki ita ce jan tsumma da ake ɗaurawa a jikin kwaɗon ƙofar. Babu rubutu, babu allo. Tsofaffin ma'aikata duk sun san ma'anarsa. Sabo fa, daga ina zai sani?

Ranar Alhamis kowa ya tafi kasuwar Maigatari sayen kaya. Aka bar Nasiru da mai gadi. Da hantsi mataimakin manaja ya bugo masa waya daga kasuwa, ya ce wani mai saye yana tafe, ya shiga sito ya ɗebo wake kaɗan-kaɗan daga buhuna daban-daban a nuna masa. Bai faɗi wane ɗaki ba. Shi ɗaki na farko yake nufi. Nasiru ya buɗe na uku, domin a nan ya ga an shigar da wake ranar da ya fara aiki. Ya ɗaga tamfol, ya bi buhuna ɗaya bayan ɗaya a tsanake, yadda sabon ma'aikaci ke yi in yana son a yaba masa. Mai gadi ya ce ya daɗe a ciki.

Da aka kawo mana kayansa daga asibiti, mahaifiyarsa ta sa hannu a aljihun wandonsa ta zaro jan tsumman nan a linke. Kwance shi ya yi ya adana, don ya mayar inda ya gan shi. Ba mu san ko mene ne ba sai da Malam Ila ya gan shi a hannuna, ya dafe kai ya zauna a ƙasa.

4. Abin da ya biyo baya

Da la'asar ya koma gidan gwaggonsa a Gumel inda ya sauka, yana ciwon kai da amai, ƙirjinsa ya riƙe. Gwaggon ta ce a sanar da wurin aiki. Ya ce, "Gwaggo, kwanana huɗu kacal, in ce ba ni da lafiya? Zazzaɓi ne, zai sauka." Da safiyar Juma'a numfashi ya gagara, aka kai shi asibiti. Na iso na tarar likita yana tambaya, me ya sha, me ya shaƙa? Babu wanda ya iya amsa masa, har shi Nasiru, domin bai san ya shaƙi komai ba. Abin da ya iya ce mini kawai shi ne, "Baba, a gaya musu gobe zan shigo." Asabar da hantsi Allah Ya karɓi abinSa.

5. Abin da ku ma kuka rasa

Ba ni kaɗai na yi rashi ba, ko da yake nawa ba ya maiduwa. Malam Ila ya ajiye muku aiki, ya ce ba zai iya sake duban ƙofar nan ba, ya tafi da duk sanin da ke kansa wanda ba ku taɓa sa a rubuta ba. Masu dako da yawa sun koma wani sito. Manoman ƙauyenmu da suka saba kawo muku riɗi yanzu suna wuce ƙofarku. Duk wannan saboda an rasa wuni guda da za a ware wa baƙo a riƙe hannunsa a zagaya da shi. Na koyar a aji shekara talatin da ɗoriya, ban taɓa barin sabon malami ya shiga aji ba sai ya zauna a bayan nawa ya ga yadda ake yi. Kuma mu alli kawai muke riƙewa.

6. Roƙona

Na gode da buhun shinkafa da tawagar ta'aziyya da kuka aiko. Ba diyya nake nema ba, ba kuma so nake a kori kowa ba. Mataimakin manajan nan ya zo ya durƙusa a gabana, na yafe masa. Ga abin da nake roƙo.

Duk wanda kuka ɗauka, kada a ba shi mukulli sai ya yi mako yana bin wani tsohon ma'aikaci da aka sauke wa sauran aiki saboda shi. A rubuta gargaɗi a ƙofar ɗakin magani da boko da ajami, a zana hoto saboda wanda bai iya karatu ba, mukullin ɗakin kuma ya zauna a hannun mutum ɗaya. A faɗa wa sabo tun ranar farko sunan maganin da abin da yake yi wa jiki, da wanda zai kira in ya ji ba daidai ba. Sannan manaja da bakinsa ya ce masa tambaya ba laifi ba ce, ciwo ba abin kunya ba ne. 'Ya'yanmu a gida an koya musu kawaici. In ba ku buɗe musu baki ba, ba za su buɗe ba.

Shekaranjiya maƙwabcina Sabi'u, magidanci mai 'ya'ya biyar da gonarsa ba ta yi kyau ba bana, ya same ni a ƙofar gida. Ya ce an kira shi daga kamfaninku ya maye gurbin Nasiru. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, in ka ce kada in je, ba zan je ba." Na san abin da ke cikin rumbunsa, na kuma san abin da ke bayan ƙofarku. Na kasa ce masa je ka, na kasa ce masa zauna. Na ce ya ba ni mako guda. Amsar da zan ba shi tana hannunka, Alhaji.

Allah Ya yi wa dukiyarka albarka, Ya raya maka zuri'a, Ya sa kada ka taɓa tsayawa inda na tsaya. Allah Ya jiƙan Nasiru, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsa.

Wassalam.

Malam Isiyaku,
Ɗanzomo.