Na Jiƙa Hulunan Abba

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san wasu za su karanta wannan, kuma kin san ni da kunya, ko sallama sai na yi ta a zuci kafin ta fito. Amma ba ni da wanda zan kai wa maganar sai ke. Maganar Abba ce.

Kin tuna gidan nan na unguwar Sanyuanli, a nan ƙasar waje, da 'yan kasuwarmu suka kama haya saboda waɗanda suka rasa wurin kwana? Yanzu har a matattakala ake shimfiɗa. Wanda bizarsa ta ƙare, wanda kayansa suka salwanta, wanda mai gida ya fitar masa da jaka. Har yau makullin yana hannun Abba. Shi ke bin masu gidajen haya suna ce masa "meyo, meyo", wai babu ɗaki, tun bai buɗe baki ba. Shi ke kai mara lafiya asibiti. In an yi rasuwa shi ke wanka, shi ke kiran gida.

Farar shaddar da kika ɗinka masa ta zama ta kowa. Duk wanda iyalinsa suka matsa sai sun ga hotonsa, Abba zai ara masa ita, ya kai shi gaban kasuwar Baima ya ɗauke shi hoto, kamar mai shago a ciki. Malam Sabi'u, wani mutumin Kano mai yawan dariya, shi ne na ƙarshe da ya saka ta. Tari ya ci shi har ya rasu. Da Abba ya kira mahaifiyar mamacin ina zaune. Tana kuka tana cewa yaron da ta gani fes cikin shadda, me ya same shi? Abba bai ce komai ba sai "Kwana ne ya ƙare, Hajiya." Tun ranar bai ƙara taɓa shaddar ba.

Ana cikin haka wata ɗalibar jami'a ta zo, 'yar nan ƙasar, muna ce mata Malama Lin. Bincike take yi a kan nauyin da ke danne masu kula da marasa matsuguni. Ta ce da yawansu barci yana ƙaurace musu, wasu su koma masu faɗa, wasu kuma su daina jin komai. Ta ce in ta samu mai irin wannan, akwai likitan da take haɗa su da shi, kuma za ta iya yi wa shugabannin gidan magana a ƙaro masa mataimaki. Ni aka kira tafinta, tunda ni ke makarantarsu, ina jin yarensu.

Umma, ta tambaye shi ko yana gajiya. Ya gyara hula ya ce, "Ba gajiya." Ta tambayi aiki. "Aiki da godiya." Barci fa? "Alhamdu lillahi." Na juya mata kamar yadda ya faɗa, yana zaune yana kallona, ya zan yi? Ta rubuta, ta yi murmushi, ta ce ba ta taɓa ganin mai ƙarfin zuciya irinsa ba.

Ita ina ta san cewa mu haka muke amsa gaisuwa? Ke ma ranar da za ki tafi, da aka ce ya jiki, "da sauƙi" kika ce.

Ba ta ga yadda yake zabura in waya ta yi ƙara ba. Ranar Juma'a muna dawowa daga masallacin Huaisheng, jirgin ƙasa ya tsaya a gabanmu, ƙofa ta buɗe, ta rufe, ya tafi, Abba yana tsaye yana kallon ƙasa. Wani ya zo, shi ma ya tafi. Sai da na ja hannun rigarsa. Shekaranjiya kuma ya daka wa Baba Iddi tsawa, dattijon nan na Kumasi da ke yi wa mutanen gidan girki, a kan cokali. Abba fa, Umma. A kan cokali.

A littattafan da nake karantawa a waya, waɗanda kike cewa za su cinye mini ido, in damuwa ta kama saurayi sai ya yanke jiki ya faɗi, likita ya ce zuciyarsa ce, dangi su taru a kansa suna kuka. Da ina ganin wannan ne ƙarshen tausayi. Yanzu har kishinsu nake. Su ai ana ganin nasu.

Sai na tuna dabararki. In kin ga ya jigata ba kya ce masa ya huta, kin san ba zai ji ba. Sai ki kwashe hulunansa kaf ki jiƙa a baho, ki wanke, ki kifa su a kan gwangwanaye. A damshin garin nan hula sai ta kwana ta wuni ba ta bushe ba. Ya fito yana nema, ki ce, "Af, Malam, ai duk na wanke." Ya yi ta mita, ya ce babban mutum ba ya fita kai tsirara, ya koma ya kwanta. Kina kicin kina dariya ƙasa-ƙasa.

Yau da safe na yi. Har wadda ya yi sallar asuba da ita na ɗauke. A raina ina ta tsara yadda zai yi mita, ya kwanta, in dafa masa faten doya irin naki.

Ya fito ya ga bahon. Ya gane, na ga ya gane. Bai yi mita ba. Ya sa yatsa a ruwan, ya ce, "Mamana, ke ma kin iya?" Har ya nufi ɗaki. Sai wayar ta yi ƙara. An fitar da wani da kayansa a bakin titi.

Ya fita, Umma. Kai ba hula.

Na leƙa ta taga. Ban taɓa ganin kansa a titi ba. Furfura ta cinye shi, ban san yaushe ba. Yana tafiya cikin mutane yana kai hannu yana gyara hular da babu.

Dabararki ta ƙare, ni kuma ba ni da wata. Shi ya sa na kira Malama Lin. Na ce ta dawo, amsar da na ba ta gaisuwa ce, ba amsa ba ce. Zai ji na tona shi a gaban baƙuwa, wataƙila ya daɗe bai kira ni Mamana ba. Na yarda. Ke na riga na rasa.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya jiƙan Malam Sabi'u, Ya ba kowane baƙo inda zai sa haƙarƙarinsa. Shi kuma mai buɗe musu ƙofa, ya Allah, Ka bar mini shi.

Hulunan suna nan a kan gwangwanaye, har yanzu suna ɗiga.

Taki har kullum,
Nafisa