Wata Takwas Ɗin da Baba Ya Soke

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya raya mana yaran. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma faɗanta da kajin maƙwabta, ka kuwa san idan ta fara wannan, to lafiya ta samu. Autarmu ta gama jarrabawa, tana gida tana cinye mana abinci.

Maganar Baba ce ta sa na zauna rubutu, don a waya ba ta faɗuwa, kullum yana kusa, kunnensa kuma garau yake. Ka san aikinsa na ƙirga malam-buɗe-littafi wa masu binciken gandun daji. Shekara goma sha tara ke nan, duk Talata da hantsi, hanya ɗaya daga ƙofar gandu zuwa rafi, ba ya ƙirgawa sai wanda ya gifta cikin taku biyar daga inda yake. Da takardun nan ake gane irin da ke zuwa da farkon damina, da wanda ke ɓacewa da rani, da shekarar da suka ragu.

To, bana ruwa ya makara da kusan mako biyar. Malamar da ke karɓar takardun ta zo gida da murnarta, ta ce a hanyoyin duk sauran masu ƙirga ƙananan nan masu ruwan ɗorawa ba su fito ba, amma a hanyar Baba sun zo a kan lokacinsu, cif. Ta ce wataƙila danshin rafin ne ya riƙe su, za ta sa a rahotonta. Baba ya yi ta murmushi. Ni kuwa ban yi murna ba, domin na daɗe da lura ba ya gane mutum sai ya yi magana, kuma sau biyu yana zuba ruwa a gefen kofi.

Talatar da ta biyo na rufe shagon ɗinki na bi shi, na ce ina son miƙe ƙafa. Yaya, abin da na gani ya karya mini zuciya. Ganye ya faɗo, Baba ya ja layi a takarda. Iska ta kaɗa fure, ya ja wani. Daga ƙofa zuwa rafi ni huɗu na gani, shi ya rubuta ashirin da shida. Wallahi ba ƙarya yake yi ba. Motsi kawai yake gani dishi-dishi, sai kansa ya cika masa sauran da abin da ya saba gani a irin wannan wata.

Kwana uku ina juya maganar kafin na iya faɗa masa. Bai yi musu ba, bai yi faɗa ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ya ce in ɗauko kwafin takardunsa in karanta masa. Ina karantawa yana saurare, har muka kai inda lambobin suka fara zama tamkar na bara da na bara waccan, sai ya ce in tsaya, daga nan ne. Washegari ya sa na raka shi wurin malamar, ya ce mata wata takwas na aikinsa ba na gaskiya ba ne, a soke. Ta so ta lallashe shi a bar su da alama a gefe, ya ce a'a, wani zai zo bayan sun mutu ya ɗauka idon lafiya ne ya gani, gara a ga wurin babu komai. Ni na riƙe masa takardun, shi ya ja layin da hannunsa, shafi bayan shafi. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Likita ya ce yanar ido ce, za a iya yi masa aiki, sai dai bai yi alkawarin zai sake bambance ƙananan abubuwa ba. Na san halinka, za ka ce ya zauna a gida ya huta. Don Allah, Yaya, idan ka kira kada ka faɗi haka. Maganarka tana da nauyi a wurinsa, zai bi, kuma zaman ne zai gama da shi. Malamar ta yarda ni in riƙa ƙirgawa, shi yana tafe a gefena. Ina kwatanta masa launi da yadda abin ke tashi, kafin in rufe baki ya faɗi irinsa, har da tsiyar wai idona biyu amma ban san komai ba.

Talatar da ta wuce masu ruwan ɗorawan suka iso. Mun same su a kan laka a bakin rafi, na ƙirga talatin da ɗaya. Wasu da yawa suna can gaba, na so in haɗa, ya ce taku biyar dai, ko ɗaya kada in ƙara. Da muka gama ya ce in rubuta sunana a wurin mai ƙirga. Na tambaye shi ina zan sa nasa, ya ce takardar ba ta da wurin ɗan rakiya, kuma ba ya so a ƙirƙiro masa, in dai za a bar shi ya riƙa zuwa ya ishe shi. Sai ya tambaye ni ƙarfe nawa za mu fito mako mai zuwa. Na ce masa yadda ya saba, kuma ina roƙonka ka bar mu a haka.

Ka gaishe mini da matarka da takwarar Inna da ɗan ƙaraminku. Inna da Goggo da Kawu da Auta duk suna gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Mai ɗinki