Aminina Ya Ba Ni Amanar 'Ya'yansa, Bai San Ina da Ciwon Daji Ba

Hajiya Ummussalma, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, don abin da ke damuna ba mai jira ba ne. Ban taɓa zaton zan rubuto wa filinki ba. Maiɗakina ce mai karanta shi, ni kuwa tsiya nake yi mata, ina cewa ko dattawa sun ƙare a unguwa ne har mutane suke kai sirrinsu jarida. To yau ga ni. Sunayen da zan ambata duk na sauya su.

Shekarata hamsin da huɗu. Na yi aikin malamin gona har na ajiye, yanzu noman shinkafa nake yi a fadamar Auyo, iyalina kuma suna cikin garin Hadejia. A farkon shekarar nan aka gano ina da ciwon daji a hanji. Na daɗe ina ganin jini ina cewa basir ne, ina ta shan jiƙe-jiƙe, sai da na yanke jiki na faɗi a bakin gona sannan aka kai ni asibiti, daga can aka tura ni Kano. An yi mini aiki an cire wurin, likita kuma ya ce sai na karɓi ruwan magani ta jijiya sau takwas, duk bayan mako uku. Na karɓi biyar. Maganin nan yana da wuya, Hajiya. Duk lokacin da aka saka mini, sai na yi kwana biyar ko shida ba na moruwa, ko ƙamshin miya ba na son ji. Yatsuna in suka taɓa ruwan sanyi ji nake kamar ana soka mini allura, har alwala sai an ɗuma mini ruwa, ni da na yi rayuwata tsamo-tsamo cikin fadama. Amma likita ya ce gwaje-gwaje suna kyau, in na kammala akwai kyakkyawan fata. Ni kuma na ƙudurta sai na kammala, ko da rarrafe zan shiga motar Kano. Ba wannan ne ya sa na rubuto ba.

Ina da amini, Tasi'u. Tun muna firamare muke tare, ni ɗan malamin da aka turo Auyo koyarwa, shi ɗan masunci. Shi ya koya mini tuƙa kwalekwale da gora. Gonakinmu iyaka ɗaya, fiye da shekara ashirin injin ban ruwa ɗaya muke amfani da shi, ba mu taɓa sa-in-sa a kan wa zai fara shayarwa ba. Shekarar da ruwa ya ci unguwarmu ina can Jahun wajen aiki, shi ya goyo mahaifiyata ya fito da ita, ruwa iya ƙirji. Mutum ne mai surutu da tsokana, in ya shiga majalisa kowa sai ya yi dariya.

Shekara biyu ke nan ciwon ƙoda ya kama shi. Ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako, da farko ni ke kai shi ni ke dawo da shi. Lokacin da nawa ciwon ya bayyana, shi yana cikin mawuyacin hali, ƙafafu sun kumbura, numfashi da ƙyar. Sai na ce kada a gaya masa. Na ce wa mutane aikin gwaiwa aka yi mini, ramar da nake yi kuma gyambon ciki ne. Daga ni sai maiɗakina Adila da yayata muka san gaskiya. Tafiyar Kano kuwa na ce masa wani aikin koyar da manoma na samu. Ƙarya dai ta yi ta haihuwar ƙarya. Har tsokanata yake yi wai na zama ɗan birni, na manta da masu warin kifi. Ina dariya, amma na san a ƙasan wasan akwai ƙorafi, don ya ga na rage zuwa.

Makon jiya likitocinsa suka ce zuciyarsa ba za ta ƙara ɗaukar wanki ba. Aka dawo da shi gida. Kowa ya san abin da hakan ke nufi, shi ma ya sani.

Jiya Laraba da hantsi na je. Ruwa ya shafe hanyar unguwarsu, sai da na ajiye babur na shiga kwalekwale. Na same shi an jingina shi da matasai, hankalinsa garau. Ya sa matarsa Bashira ta zauna ta zama shaida, ya riƙe hannuna ya ce, “Malam, ni tafiya ta zo. Ga Bashira, ga yara huɗu, bayana kai ne ubansu. 'Yata Aziza ta ƙarasa karatun jinyarta. Gonar nan kada a sayar, kada kuma a bari ciyawar kacala ta cinye ta. Tunda Allah ya bar maka lafiyarka, hankalina a kwance yake.” Na ce masa to. Na ce in sha Allahu. Da na fito na zauna a bakin ruwa na fi rabin sa'a, mai kwalekwale yana ta kirana ban ji ba.

Yana da ƙane guda, Auta, yana zaune a Jahun, amma shekara bakwai ke nan ba sa ga-maciji saboda rabon gonar gado. Ya zo dubiya sau ɗaya, ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi sannu ya juya. Shi ya sa Tasi'u bai ga kowa ba sai ni.

Adila ta ce in ja bakina in yi shiru, a bar bawan Allah ya tafi da kwanciyar hankalinsa, gaya masa yanzu zalunci ne. Ni kuma gani nake na karɓi amana a kan ƙarya. Ina sa ran warkewa, ina kuma yaƙi a kan hakan, amma in Allah ya ƙaddara ban daɗe a bayansa ba, yaran nan hannun wa za su faɗa? Akwai ma abin da nake jin kunyar faɗa. In likita ya ce ina samun sauƙi, sai murnar ta maƙale mini a wuya in na tuna da shi. Wani lokacin kuma in na dube shi a kwance, tsoro ne yake kama ni don kaina, har in ƙosa in tashi.

Ga kuma Litinin mai zuwa, ranar karɓar magani na shida. In na je, mako guda ba zan iya ɗaga kai ba. Ina tsoron a yi jana'izarsa ina kwance. Ba fasawa nake son yi ba, so nake in ɗaga da mako biyu ba tare da na tsaya dogon bayani da likita ba. In gaya wa Tasi'u ko in yi shiru? In tafi Kano ko in zauna?

Manomi daga fadamar Auyo

*

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya sassauta wa amininka. Na tura maka wannan amsa ta waya a ranar da saƙonka ya iso, don ba ta jiran ranar fitar jarida. Na buga ta nan ne da izininka.

Bari in fara da Litinin. Kada ka ɗaga ranar da kanka. Ka kira likitanka yau, ka gaya masa halin da ake ciki ba ragi. Wataƙila akwai damar matsawa da 'yan kwanaki, wataƙila babu, shi ya san jininka da abin da yake gudu. In ya ce ka zo, ka je. Kai malamin gona ne, ka san abin da ke faruwa da shinkafar da aka bari lokacin takinta ya wuce. Ka kuma faɗa masa kana ratsa ruwan ambaliya, don jikin mai karɓar maganin nan ba ya jure ƙwayoyin cuta kamar da. Tun daga ranar Laraba, kula da lafiyarka ya shiga cikin amanar da ka ɗauka.

Maganar Adila ba abar yarwa ba ce. Tausayi ne ya sa ta faɗa, kuma da Tasi'u ya fita hayyacinsa, ko da bai yi maka wasiyya ba, da na ce ka bi ta tata. Amma ya gina wasiyyarsa a kan lafiyarka, da bakinsa ya faɗa. Uba yana da haƙƙin tsara wa 'ya'yansa bayansa yana sane da gaskiya, kuma kwanakin da zai iya hakan da cikakken hankali ba su da yawa. Don haka shawarata ka gaya masa, gobe Juma'a da safe, kada ka kai jibi.

Ka fara keɓewa da Bashira, ita ce za ta rayu da sakamakon, ita kuma ta san lokacin da yake da ƙarfin sauraro. In ka shiga wurinsa, ka faɗa a taƙaice: ga ciwon, an yi aiki, na karɓi biyar cikin takwas, likita yana da kyakkyawan fata. Kada ka mayar masa da amanarsa. Ka ce ka karɓa da hannu biyu, amma kana so ya haɗa ka da wani, don ba wanda ya san gawar fari. Sannan ka nemi gafararsa a kan ɓoyewar. In ya yi fushi, ka bar shi ya yi, haƙƙinsa ne. Kada kuma ka yi mamaki in ka tarar ya daɗe da zargin wani abu. Wanda ya shekara biyu yana zama cikin majinyata ya san kalar rama. Ko ba komai, zai san ba gudunsa ka yi ba.

Game da Auta, mutumin da ya taso daga Jahun ya tsaya a bakin ƙofa ya riga ya ci rabin hanya. Shi ne baffan yaran, ana so ko ba a so za a buƙace shi. Ka nemi yardar Tasi'u, ka sa limamin unguwarsu ya kira shi. In sulhu ya yiwu, alhamdu lillahi. In bai yiwu ba, Tasi'u ya ambaci wani da ya yarda da shi, a rubuta wasiyyar a gaban shaidu biyu.

Murnar da ke maƙale maka kuwa, ka sake ta. Sauƙin da kake samu ba daga rabon Tasi'u aka ɗebo shi ba. Tsoron da kake ji a gefensa ma ba rashin amana ba ne, ɗan Adam ne kai, kuma majinyaci. In ya taso, ka fita ka sha iska ka dawo.

Zai yiwu abin da kake gudu ya faru kana kwance. Masu ɗaukar makara ba za a rasa su a Auyo ba. Abin da ba mai iya yi a madadinka shi ne zama a gabansa yana ji yana gani, ka gode masa, ku yafi juna. Ka yi wannan gobe, ka koma Asabar da Lahadi in jiki ya bari, Litinin kuma ka shiga motar Kano da zuciya ɗaya.

Ka gaishe mini da Adila, ka kuma tambaye ta yadda take, don ita ma ta daɗe tana ɗauke da kaya ba ta sauke wa kowa ba. Allah ya sa Tasi'u ya cika da imani, ya raya abin da zai bari. Kai kuma Allah ya tashi kafaɗunka, ya nuna maka ranar da za a cire maka allura ta takwas.

Hajiya Ummussalma