Ku Bar Yaya Ya Ɗauko Butarsa

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da Yayana, mahaifinka. Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi muku albarka yadda kuke riƙe da shi. Mu nan sai godiya. Auta ta gama koyon ɗinki, har ta ɗinka mini riga, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, na kuma sa ta a haka don kada in kashe mata gwiwa. Ƙanwarka ta sauka lafiya, an sami namiji mai kunnuwan gidanmu sak.

Na zauna na rubuta ne maimakon in kira ka, domin a waya kana cika ni da ladabi har in manta faɗan da na kira in yi. Hotunan da ka turo sun iso. Na ga ɗakin da kuka ware wa Yaya, na ga kujerar nan mai laushi da ake kwantar da bayanta, ga ruwa a dama, ga rediyo a hagu, ga buta a gindin ƙafa. Matarka ta gaya mini cikin murna cewa ko cokali ba kwa bari ya ɗauka. Na sa mata albarka, don da zuciya ɗaya ta faɗa, amma da na ajiye waya sai na tuna da kaina. Ni ma an taɓa zaunar da ni haka.

Shekara biyu da suka wuce, bayan zazzaɓin da ya kwantar da ni, yaran gidan nan suka hana ni komai. In na miƙa hannu ga tsintsiya sai a fizge, in na nufi kicin sai a ce in zauna a kawo mini. Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗi, na harɗe ina ba da umarni. Wata shida a haka, ran nan na zo tashi daga tabarma na kasa, sai da mutum biyu suka ɗaga ni kamar buhu. A asibitin unguwa likita ya duba ni ya ce ba wata cuta ba ce, zama ne ya cinye ƙafafun. Ya sa sunana a ajin motsa jiki na tsofaffi da ake yi Talata da Alhamis da hantsi. Na ce masa ni da jikoki goma sha ɗaya ba zan je ina ɗaga ƙafa a gaban mutane ba. Auta ce ta yi ta naci har na je, don dai in rufe mata baki.

Ɗaki ne mai faɗi a bayan inda ake ba da magani, an jera kujerun roba a jikin bango. Nas ɗin da ke kula da mu Soja muke kiranta, don kunnenta ba ya jin mutum ya ce ya gaji. Takan fara auna mana jini da sukari, sannan ta sa mu tashi daga kujera mu zauna sau goma ba tare da mun dafa komai ba. Ranar farko biyu na yi, a na uku na koma daɓas, wata tsohuwar ungozoma da ke kusa da ni ta yi dariya har haƙoranta na roba suka motsa. Yanzu ita ce aminiyata, tare muke zagaya harabar asibitin muna gulmar surukanmu. Yau ina yin goma sha biyar, ina share tsakar gida, kuma duk wanda ya taɓa tsintsiyata zai ji bakina.

To, makon jiya mun yi waya da Yaya bayan kun fita aiki. Ya yi ta yabonku. Sai ya ce mini yau wata takwas goshinsa bai taɓa ƙasa ba. A kujera yake salla, don yana tsoron in ya sauka ba zai iya tasowa ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana aikin kafinta, yana saɓa katako shi kaɗai! Ya ce ba zai iya gaya maka ba, kada ka ga kamar bai gode ba. Na yi kuka, ɗana. Ya roƙe ni kada in faɗa, ga shi na faɗa, Allah ya yafe mini.

Abin da nake roƙonka shi ne ka tambaya a asibitin da ake duba shi ko suna da irin wannan aji, likita ya fara ganinsa, sannan ka kai shi da kanka. Zai ƙi, zai ce shi ba yaro ba ne. Kada ka ɓata bakinka kana cewa don lafiyarsa ne. Ka dai ce masa ƙanwarsa tana tashi sau goma sha biyar ba ta dafa komai ba. Tun muna yara bai taɓa yarda na fi shi a komai ba. A gida kuma ku bar shi ya ɗauko butarsa, ko da ranku ba ya so.

Ka gaishe mini da matarka, Maman 'Yan Biyu, ka ce mata ba laifinta nake gani ba. Ka gaida 'yan biyu da takwarata sarkin surutu. Auta da ƙannenka duk suna gaishe ku.

Na sa wa Yaya tasa takardar a cikin wannan ambulan. Kada ka kai masa ɗaki. Ka ajiye ta a kan teburin falo, ka ce masa ya taso ya ɗauka, kai kuma ka tsaya kusa da shi, hannuwanka a aljihu.

Wassalam,
Gwaggonka